Birnin Libaful: Ƙasarsa da Tarihinsa da Asalin Mutanensa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin dalar gyada a Kano, ko ya ji labarinta a bakin magabata, ya san ba a ƙasarmu a ke cinye gyadar nan ba. Jirgin ƙasa ne ya kan kwashe ta zuwa Ikko, a loda ta cikin jiragen ruwa, su nufi Turai da ita. Ɗaya daga cikin manyan tashoshin da jiragen nan su kan sauke kayansu ita ce Libaful, wadda Turawa ke rubutawa Liverpool, a arewa maso yammacin Ingila. Samarin yau sun san sunan garin ta wajen ƙwallo. Kakanninsu kuwa ta wajen kamfanin Janhol suka san shi, da kuma jirgin fasinja da ya kan kai masu tafiya karatu Ingila.

Nufina cikin wannan takarda shi ne in bayyana yadda zaman garin ya ke, da yadda ya girma, da inda mutanensa suka fito. Abubuwan nan uku a ɗaure su ke da juna, gama kogi ne ya kawo jirage, jirage kuma suka kawo mutane. A garuruwanmu, idan ana son sanin asalin mutum, a kan tambayi dattawan gidansu, ko a saurari maroƙa. A Libaful kuwa gidaje masu yawa baƙi ne na jiya jiya, waɗanda kakanninsu suka sauka daga jirgi, saboda haka mai neman asali ya kan dogara ga shaidu uku, watau sunan gida da harshe da takardun hukuma. Za mu ga shaidun nan ba su yi wa kowa adalci daidai ba. Yadda kakan mutum ya shiga jirgi, ko shi ne mai jirgin, ko fasinja ne, ko ma'aikaci, ko kuwa an shigar da shi ne a matsayin kaya, shi ya kan nuna ko sunansa zai wanzu ko zai ɓace.

Yadda Zaman Garin Ya Ke

Libaful tana bakin wani kogi da a ke kira Mersey, daidai inda ya ke faɗawa cikin tekun da ya raba Ingila da tsibirin Ayalan. Tsawon kogin bai wuce mil 70 ba, ko kusa da Kwara bai yi ba, amma sifar bakinsa ita ce arzikin garin. Kafin ya iso teku ya kan buɗe ya zama kamar babban tafki, faɗinsa wajen mil 3, sa'an nan ya tsuke a tsakanin Libaful da garin Birkenhead da ke tsallake, har faɗinsa bai kai mil ɗaya ba. Mutum ya ɗauka tulu ne mai ƙaton ciki da siririn wuya.

Ga wanda bai zauna bakin teku ba, ya kamata a yi bayanin wani abu a nan. Ruwan teku ya kan ciko ya janye sau biyu ko wace rana, bisa ga jan wata da rana. A bakin Mersey bambancin da ke tsakanin cikowa da janyewa ya kan kai ƙafa 30. To, duk ruwan da ya cika cikin tulun nan dole ne ya fita ta wuyan, sai ya fito da ƙarfi yana wanke yashi da laka, ya bar hanya mai zurfi da manyan jirage za su iya bi. Garin Chester da ke kudu, wanda shi ne babbar tashar wannan yanki tun zamanin Rumawa, bai sami wannan sa'a ba. Koginsa ya cushe da yashi sannu a hankali, ciniki ya bar shi ya komo Libaful.

Amma fa ruwan da ya yi wa garin rana shi ne kuma ya yi masa dare. Jirgin da ya tsaya a gaɓa lokacin cikowa, bayan sa'a shida sai a gan shi zaune cikin laka. Maganin da aka samo shi ne gina tafki na musamman mai ƙofa, jirgi ya shiga lokacin da ruwa ya ciko, a rufe ƙofar, ruwan ya zauna daidai har a gama sauke kaya. Wani injiniya mai suna Thomas Steers ya gina irin wannan tafkin jirage, aka buɗe shi cikin 1715, yana ɗaukar jirgi wajen 100. Shi ne na farko a duniya da aka gina don kasuwanci. Daga nan aka yi ta ƙara wasu, har suka jeru a bakin kogin tsawon mil 7.

Bayan garin kuma akwai ƙasa mai albarka: gishiri a lardin Cheshire, gawayin kwal a lardin Lancashire, da masaƙun Manchesta da ke nisan mil 30 da 'yan kai. Fuskar garin tana duban yamma, watau wajen Ayalan da Tekun Atalantika da Amurka. Muddin cinikin Ingila na fuskantar yamma, Libaful na kan hanya.

Sunan Garin da Farkonsa

An fara samun sunan a rubuce wajen shekarar 1190, an rubuta shi Liuerpul. Masu binciken harshe sun ce kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi, ma'anarsu kududdufi mai ruwan laka. Kududdufin kuwa wani ɗan rafi ne da ke shiga kogin, kuma a bakinsa aka gina tafkin jiragen nan na 1715.

Sunayen unguwanni sun fi sunan garin tsufa. Cikin 902 aka kori wasu mayaƙan teku 'yan asalin Norwe daga birnin Dublin na Ayalan, wasunsu suka ƙetaro suka zauna a bakin Mersey. Ba su bar littafi ba, amma sun bar harshensu a kan ƙasa. Ko wane suna da ya ƙare da "by", kamar Crosby da Formby da Kirkby, kalmarsu ce mai nufin gona ko ƙauye. Haka mu ke gane tsohon mazaunin wata ƙabila a nan ƙasar, idan muka ji sunan gari ya fara da Wuro ko Tungar.

Cikin Agusta 1207 Sarkin Ingila John ya ba da takardar kafa gari a wurin, domin yana bukatar tashar da zai riƙa tura mayaƙa Ayalan. Aka shata tituna bakwai. Shekara kusan 500 garin ya yi yana ƙarami, na masunta da manoma da 'yan ƙananan fatake. Ko a 1700 mutanensa ba su wuce dubu biyar ko shida ba.

Cinikin Bayi

Abin da ya fara ɗaga garin shi ne cinikin sukari da taba daga Amurka, abin da ya cika masa aljihu kuwa shi ne cinikin mutane. Cikin 1699 jirgi mai suna Liverpool Merchant ya tashi zuwa Afirka, ya kai bayi 220 tsibirin Barbados cikin 1700. Tafiyar kusurwa uku gare ta. Jirgi ya kan tashi da yadi da bindigogi da tagulla da barasa, ya sayar a gaɓar Afirka, musamman Boni da Kalaba da bakin tekun Angola. Ya ɗauki mutane ya ƙetara da su zuwa Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan. Sa'an nan ya komo gida da sukari da taba da auduga, waɗanda bayin da aka kai tun farko suka noma.

Daga 1699 zuwa 1807 jiragen Libaful sun yi irin wannan tafiya wajen sau 5,000, sun ɗauki 'yan Afirka kusan miliyan ɗaya da rabi. A shekarun 1790 kashi 80 cikin ɗari na cinikin bayin Ingila a hannun attajiran garin ya ke. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi magajin gari masu jiragen bayi ne. Har yanzu akwai tituna masu ɗauke da sunayen gidajensu, kamar Tarleton da Cunliffe da Bold.

Ga misali ɗaya da ya nuna yadda takardun cinikin su ke. Cikin 1781 ma'aikatan wani jirgi mai suna Zong, mallakar William Gregson wanda ya taɓa yin magajin garin Libaful da abokan cinikinsa, suka jefa bayi fiye da 130 cikin teku da ransu, suka ce ruwan sha ne ya yi ƙaranci. Masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su asarar kaya. Aka yi shari'a a Landan cikin 1783, amma shari'ar kuɗi ce, ba wanda aka tuhuma da kisan kai. Mun san sunan mai jirgin, da na shugaban ma'aikatansa, da na alƙalin. Sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka jefa bai iso gare mu ba, gama a littafin jirgin bayi lamba a ke ba mutum, a rubuta namiji ne ko mace, babba ne ko yaro.

Ba dukan mutanen garin ne suka yarda da cinikin ba. William Roscoe, wakilin Libaful a Majalisar Ingila, ya goyi bayan dokar hana shi cikin 1807, ya kuwa sha jifa da tsangwama da ya komo gida. Jirgin bayi na ƙarshe da ya tashi bisa izni, Kitty's Amelia, ya bar garin cikin Yuli 1807. Sai cikin 1999 majalisar birnin ta nemi gafara a fili, cikin 2007 kuma aka buɗe gidan tarihin bauta a bakin tashar.

Zamanin Auduga da Tururi

Masu cewa hana cinikin bayi zai kashe garin ba su faɗi daidai ba. Auduga ta maye gurbi. Ana kawo ta daga kudancin Amurka, inda bayi suka ci gaba da noma ta har 1865, a sauke a Libaful, a kai masaƙun Manchesta, yadin ya komo ta nan ya bazu duniya. Don sauƙaƙa wannan jigila aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu ran 15 ga Satumba 1830, ita ce ta farko da ta haɗa manyan garuruwa biyu da jirgi mai tururi yana ɗaukar fasinja bisa ƙa'idar lokaci. Cikin 1840 kamfanin Cunard ya fara kai wasiƙu da fasinja Amurka. Cikin 1846 aka buɗe tafkin jirage na Albert, wanda sitocinsa na bulo da ƙarfe ne don tsoron gobara. Masana'antu suka taso kewaye da tashar: na tace sukari, na niƙa alkama, na matse mai, na sabulu, da wurin ƙera jirage na gidan Laird a Birkenhead. Jama'ar garin da ke wajen 80,000 cikin 1801 suka kai 376,000 cikin 1851.

A wannan zamani ne igiyar garin ta iso ƙasarmu. Cikin 1832 Macgregor Laird ya tashi daga Libaful da jirage biyu masu tururi don shiga Kwara, tare da Richard Lander, wanda ya taɓa zuwa Sakkwato tare da Clapperton. Sunan jirgi ɗaya Quorra, watau Kwara, ɗayan kuma Alburkah, watau albarka, kalmar da suka aro daga Hausa. Tafiyar ba ta yi albarka ba, gama cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira, yawancinsu zazzaɓi ya kashe su. Cikin 1854 Laird ya sake aiko da jirgi mai suna Pleiad a ƙarƙashin likita William Baikie, aka riƙa ba ma'aikata kwini kullum, suka hau Binuwai suka komo ba wanda ya mutu. Daga nan ƙofar kogunan ta buɗe wa Turawa.

Manja shi ne kayan farko, don sabulu da man injuna. John Holt ya tafi tsibirin Fernando Po cikin 1862, ya kafa cinikin da ya zama Janhol. Alfred Jones, shugaban kamfanin jiragen Elder Dempster, ya kafa bankin Afirka ta Yamma cikin 1894, wanda a yau a ke kira First Bank, ya kuma ba da kuɗin kafa makarantar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Libaful cikin 1898. Shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar noman auduga ta 1902, wadda manomanmu suka sani da sunan Bisije. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, Turawa auduga suka sa rai, manoma kuwa suka ga gyada ta fi riba, suka juya gare ta. Kamfanin Lever, mai masana'antar sabulu a tsallaken Mersey, ya saye kamfanin Neja cikin 1920. Jirgin fasinja mai suna Aureol, wanda ya fara aiki cikin 1951, ya kan yi kimanin mako biyu daga Ikko, kuma ɗaliban Afirka ta Yamma masu yawa Libaful ce farkon abin da suka gani na Ingila.

Inda Mutanen Suka Fito

Tsakanin 1830 da 1930 mutum wajen miliyan 9 suka bi ta Libaful zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya. Yawancinsu wucewa suka yi, amma wanda guzurinsa ya ƙare, ko ya sami aiki, ko ya yi aure, sai ya zauna. Haka garin ya tara jama'arsa.

Mafi yawan baƙin mutanen Ayalan ne. Daga 1845 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan tsibirin, aka yi yunwa mai tsanani. Cikin 1847 kaɗai mutum wajen 300,000 suka sauka a Libaful. Ƙidayar 1851 ta nuna mutum fiye da 83,000 a garin haifaffun Ayalan ne, watau fiye da ɗaya cikin biyar. Suka cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da lunguna marasa iska a arewacin gari, suna dako a tasha, annoba tana ɗibarsu. Wannan hali ne ya sa garin ya naɗa William Duncan likitan kula da lafiyar jama'a cikin 1847, shi ne na farko a Ingila. Yawansu ya kai har unguwarsu ta zaɓi T. P. O'Connor, ɗan jam'iyyar neman 'yancin Ayalan, ya wakilce ta daga 1885 har ya rasu cikin 1929.

Mutanen Wales kuwa maƙwabta ne, da harshensu na kansu. Da yawa magina ne, su suka gina dogayen layukan gidaje na ma'aikata, suka sa wa tituna sunayen garuruwansu. Mutanen Sin sun zo ne ta kamfanin wani attajiri dabam, Alfred Holt, wanda jiragensa suka fara zuwa Sin cikin 1866, kuma unguwarsu ita ce mafi tsufa irinta a Turai.

Baƙaƙen fata sun zauna a garin tun ƙarni na 18, wasu barori, wasu ma'aikatan jirgi, wasu 'ya'yan sarakunan gaɓar Afirka da aka aiko karatu. Daga baya jiragen Elder Dempster suka kawo ma'aikata daga Saliyo da Laberiya da Nijeriya, suka zauna a kudancin gari wajen Toxteth, suka auri matan wurin. Ba su sami zaman lafiya kullum ba. Cikin Yuni 1919, da sojoji suka komo daga yaƙi aiki ya yi wuya, gungun mutane suka far musu, suka kori wani saurayi ma'aikacin jirgi ɗan Bermuda mai suna Charles Wotten har cikin tafkin jirage, ya nutse. Cikin 1931 wani mutumin Kalaba, Daniels Ekarte, ya buɗe gidan taimakon 'yan Afirka da marayunsu a unguwar.

Musulmi ma suna da tsohon tarihi a nan. Wani lauya ɗan garin, William Quilliam, ya musulunta cikin 1887 bayan ya ziyarci Maroko, ya ɗauki sunan Abdullahi, ya buɗe masallaci cikin 1889. Sarkin Santambul Abdulhamid na Biyu ya ba shi sarautar Shaihul Islam na tsibiran Birtaniya, ya kuma wakilta shi wajen buɗe masallacin Shitta a Ikko cikin 1894. Ma'aikatan jirgi daga Yaman da Somaliya suka biyo baya.

Shaidu Uku na Asali

Shaida ta farko ita ce sunan gida. Bature ya kan gaji suna ɗaya daga uba, ya ba 'ya'yansa, har abin ya yi ƙarni da yawa. Sunan da ya fara da Mac ko Mc ma'anarsa ɗan wane, wanda ya fara da O' kuma jikan wane, duka daga harshen mutanen Ayalan, ko da ya ke Mac na nan a Sikotilan ma. Mutanen Wales a dā irin namu su ke yi, mutum da sunan ubansa, da kalmar "ap" a tsakani mai nufin ɗa. Da hukuma ta bukaci suna tsayayye, sai ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price, ɗan John kuma ya zama Jones. Amma shaidar nan gurguwa ce, gama mace ta kan ɗauki sunan mijinta, asalin uwa ya ɓace daga sunan 'ya'ya. Ma'aikatan jirgi 'yan Afirka kuwa sau da yawa magatakardan jirgi bai wahalar da kansa da sunansu na yanka ba, sai ya laƙaba musu wani na Ingilishi, jikokinsu suka gaji laƙabin.

Shaida ta biyu ita ce harshe. Karin Ingilishin Libaful ya bambanta ƙwarai da na ƙauyukan Lancashire da ke kusa da ita, kuma masu bincike sun nuna cikin ƙarni na 19 ya rabu da su, lokacin da baƙi suka cika garin. Alal misali, harafin "k" a ƙarshen kalma su kan furta shi daga maƙogwaro, kusa da "kha" ta Larabci. Sunan karin, da na mutanen ma, Scouse, an yanko shi ne daga sunan wani faten nama da dankali na ma'aikatan jirgi. Harshe ya kan faɗi inda jama'a ta fito gaba ɗaya, amma ba ya iya faɗin kakan wane.

Shaida ta uku ita ce takarda. Tun ran 1 ga Yuli 1837 hukuma ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Ingila, kafin nan kuwa sai littattafan majami'u. Ana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1801, daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa, daga 1851 har da garin da aka haife shi. A kan rufe takardun shekara 100, saboda haka na 1921 sai cikin 2022 aka buɗe su. Amma wuta ta yi ɓarna. Takardun ƙidayar 1931 sun ƙone cikin 1942, ba a kuma yi ƙidaya cikin 1941 ba saboda yaƙi. Gidan ajiyar takardun Ayalan da ke Dublin ya ƙone cikin 1922, tare da ƙidayar 1821 zuwa 1851, watau daidai shekarun da jikokin masu gudun yunwa su ke nema. Jerin sunayen fasinjojin da suka bar Ingila kuwa daga 1890 a ke da shi.

Akwai kuma inda hukuma da kanta ta yanke zuriya. Cikin 1945 da 1946, bayan ma'aikatan jirgi 'yan Sin sun yi wa Ingila aiki a yaƙi, aka kama ɗaruruwansu a ɓoye aka mai da su gabas, ba a gaya wa matansu Turawa ba. 'Ya'yansu suka girma suna zaton ubanninsu gudu suka yi. Sai da aka buɗe takardun gwamnati bayan shekaru masu yawa gaskiya ta fito, cikin 2006 kuma aka kafa allon tunawa da su a bakin kogi.

Faɗuwa da Farfaɗowa

Jama'ar garin sun kai ƙololuwa cikin 1931, mutum fiye da 840,000. A Yaƙin Duniya na Biyu ta nan abinci da makamai su ke shigowa daga Amurka, saboda haka Jamus ta yi ta jefa bom, mafi tsanani dare bakwai a jere cikin Mayu 1941. Mutum wajen 4,000 suka mutu a yankin. Bayan yaƙi aka rushe tsofaffin unguwanni, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a bayan gari, dangi suka warwatsu, tsofaffin da ke riƙe da labarin gida suka rabu da jikokinsu.

Sa'an nan ciniki ya juya. Jirgin sama ya ɗauke fasinja. Kwantena ta zo, injin ɗaya yana yin aikin 'yan dako masu yawa. Cikin 1972 aka rufe tafkunan jirage na kudu, aka buɗe sabo a Seaforth wajen bakin teku, a shekarar nan kuma Aureol ta daina zuwa. Cikin 1973 Ingila ta shiga kasuwar tarayyar Turai, ciniki ya fuskanci gabas, Libaful ta zama tana bayan gida. Masana'antar sukari ta rufe cikin 1981, cikin Yuli na shekarar kuma aka yi babbar tarzoma a Toxteth tsakanin samari da 'yan sanda. Ƙidayar 2001 ta sami mutum 439,000, kusan rabin na 1931. Daga baya garin ya ɗan farfaɗo. An mai da sitocin Albert gidajen tarihi da kantuna, an buɗe sabuwar tashar manyan jiragen kwantena cikin 2016, ƙidayar 2021 kuma ta nuna mutum 486,000.

Kammalawa

Abin da binciken nan ya nuna shi ne, a gari irin Libaful neman asali bin sawun jirgi ne, kuma sawun bai fito daidai ga kowa ba. Jikan attajiri zai ga sunan gidansu a kan allon titi. Jikan mai gudun yunwa zai bi takarda har bakin teku, ya tarar da toka a Dublin. Jikan ma'aikacin jirgi yana ɗauke da sunan da magatakarda ya ga dama ya rubuta. Zuriyar mutum miliyan ɗaya da rabi da jiragen garin suka ɗauka kuwa suna can Jamaika da Barbados da Amurka, yawancinsu ba su da hanyar sanin garin da aka kamo kakansu.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin Hausa. Takarda ta kan ƙone, ta kan kuma rubuta abin da mai alƙalami ya so. Baki ma ya kan manta, ya kan ƙara gishiri. Turawan Libaful sun dogara ga takarda, suka yi sakaci da tsofaffinsu har unguwanni suka watse. Mu kuwa a dattawa da maroƙa muka dogara, ga shi kullum suna ƙarewa. Hausawa na zangon Kumasi da na Sudan da na Makka, waɗanda su ma hanya ce ta kai kakanninsu, irin tambayar da jikokin Libaful ke yi ita jikokinsu za su yi. Ya kamata ɗalibanmu su zauna gaban tsofaffin gidajensu tun suna da rai, su rubuta sunayen kakanni, na wajen uba da na wajen uwa, da garin da ko wanne ya fito, da abin da ya tashe shi. Allah ya ba mu ikon yi.